Yaya Zulai Ta Hau Dutse, Ba Ta Sauko da Ƙafarta Ba

Yaya Zulai ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ko shayi ban kai ga sha ba. Waya ta yi ƙara, na ga sunan Amira, 'yarta ta fari. Da dariya na ɗauka, don na zaci cewa za ta yi in duba hotunan da uwarta ta turo daga kan dutse.

Amira tana jin Hausa sarai, amma kamar sauran yaranmu na nan Amirka, da Turanci take ba da amsa. Yau da Hausa ta yi mini magana. Ta ce, "Anti Rifkatu, Mama ta mutu."

Ko "ta rasu" ba ta san ake cewa ba. Haka ta jefo mini maganar, ɗanya.

Na ce, "Wace Mama?" Kamar tana da wata.

Jiya da la'asar abin ya faru, a duwatsun New Hampshire. Su uku suka tafi, ita da wasu mata biyu da muka saba haɗuwa da su a hanya. Sun ce suna cikin hawa sai ta tsaya, ta zauna a kan wani dutse da jakarta a baya, ta ce su ba ta minti ɗaya ta huta. Suka ɗan yi gaba suna jiranta. Da suka ji shiru suka dawo, suka tarar ta jingina da jakar, kanta ya langaɓe. Wurin babu sabis. Ɗaya ta tsaya tana danna mata ƙirji, ɗayar ta ruga sama neman inda waya za ta kama. Kafin masu ceto su iso, rai ya yi halinsa. A kafaɗa suka sauko da ita.

Sun ce da alama zuciya ce.

Ba na wurin. Wannan ce doguwar tafiya ta farko da ta yi ba tare da ni ba tun da muka fara.

Tun ɗazu kuke kira, na gani, ku yi haƙuri. Ba zan iya maimaita maganar da baki ba, shi ya sa na zauna nake rubutawa a shafin nan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, sunanta Zulaihatu, mutuniyar Kano, tana zaune a unguwar Parkchester. A ɗakin gwajin jini take aiki, a asibitin da nake aikin nas. Mijinta ya rasu tun yaran suna ƙanana, ita kaɗai ta rene su, Amira da ƙaninta Sadik. Ta girme ni sosai, shi ya sa nake ce mata Yaya.

A liftan asibitin muka haɗu. Ina waya da ƙanena da ke gida, ina zazzaga masa faɗa da Hausa, na ɗauka babu mai ji. Ina kashewa sai wata gajeriyar mata mai gilashi ta ce daga bayana, "Ki bar yaron nan ya sha iska mana." Na ji kamar in nutse. Ita kuwa dariya ta yi ta yi har muka kai hawanta. Washegari ta neme ni da tuwo a kula.

Ita Musulma ce, ni Kirista 'yar Filato. Addini bai taɓa tsaya mana a tsakani ba, ni ma ba zan tsaya a kansa yau ba.

Abin dariyar, ni ce aka haifa cikin duwatsu. A ƙauyenmu kusa da Pankshin, ruwa yana ƙasa gida yana sama, tun ina 'yar mitsitsiya nake hawa da bokiti a ka. Ranar da na bar gida na ce ni da hawan dutse har abada. Ita kuwa da ta tashi a Kano, inda in ka cire Dala da Gwauron Dutse sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ita ce ta zo Amirka dutse ya shiga ranta. Bayan rasuwar mijinta likita ya ce ta riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini. Ta fara da zagaya unguwa. Ta koma dogayen matakalan nan na Highbridge, ta hau ta sauka. Daga nan ta ji ana shiga jirgin ƙasa a fita bayan birni a hau dutse a dawo da yamma. Shi ke nan, aka rasa ta.

Duk sanda ta gayyace ni sai in ce, "Yaya, ni na gama nawa hawan tun ina yarinya. Wahalar da na gudo wa ita kike saya wa takalmi."

Sai mamata ta rasu a gida.

Lokacin takarduna ba su fito ba, in na fita ƙasar ba dawowa. A waya na bi jana'izarta, ƙanena ya ɗaga wayar sama, hoton yana yankewa. Sau ɗaya na fara kuka da ƙarfi a ɗakina a unguwar Soundview, maƙwabcina ya buga bango. Na haɗiye. Na ci gaba da zuwa aiki, in dawo in kwanta da yunifom a jikina. Na daina zuwa coci. Na daina ɗaukar waya.

Wata Asabar da sassafe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, da takalma a leda. Ta ce, "Na Amira ne, ƙafarku ɗaya. Saka."

Na ce ba inda za ni.

Ta ce, "Ai ban tambaye ki ba."

Na bi ta ne kawai don ban da ƙarfin gardama. Muka shiga jirgi, muka sauka a wata 'yar tasha, muka fara hawa. Ina haki, ina zaginta a zuci. Da muka kai sama babu kowa, sai iska da kogi can ƙasa kamar zare. Ta sauke jakarta ta ce, "To. Nan babu bango, babu maƙwabci. Ki yi wa mamarki kukan da ya kamace ta. Ni zan je can in zauna, ba na ji."

Na yi ihu. Na kira mamata da yarenmu, da sunan da muke kiranta a gida, na yi ta kira har murya ta dishe. Da na gama Yaya Zulai ta taso ta miƙo mini ruwa da dambun nama. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Sai da muka fara sauka ta ce, "Kula da nan, akwai santsi."

Daga ranar na shiga hannunta.

Muka fara da na yini, muka koma kwana, daga baya muka riƙa haɗa hutunmu na shekara mu ɓace cikin daji na makonni. Duwatsun Catskills, na Vermont, duk inda ta ɗora yatsa a taswira.

Ku da kuke ganin hotunanmu a shafin nan kuna rubuta "kuna shan daɗinku", bari in gaya muku abin da hoto ba ya nunawa.

Komai a bayanka yake. Tanti, buhun barci, ɗan risho, tukunya, abincin kwanaki, ruwa. Ranar farko in ka ɗaga jakar sai ka ji kamar buhun masara aka ɗora maka. Igiyar tana cin kafaɗa, ƙugu ya saɓule. Ƙafa ta yi bororo, ya fashe, wani ya fito a ƙarƙashinsa. Farcen babban yatsana ya fita, ya tsiro, ya sake fita. In ruwan sama ya kama, safa ba ta bushewa, da safe haka za ka mayar da ƙafa cikin jiƙaƙƙen takalmi mai sanyin ƙanƙara. Ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke shiga har ƙarƙashin ɗankwali. Ga yunwar da ba ta jin an ci abinci. Warin jikinmu kuwa, ranar da muka fito titi wani mai mota ya rage mana hanya, duk gilasansa ya sauke, bawan Allah.

Hawa yana cin numfashi, amma sauka ce ke cin gwiwa. Akwai ranakun da da baya nake sauka, ina riƙe saiwoyi.

Kowace yamma in mun kafa tanti sai ta ce, "Kawo ƙafar."

Ni ce nas, amma ita ce mai duba ƙafa. Ta wanke, ta ƙona allura ta huda bororon, ta manna filasta, tana yi tana mita. "Wannan ce ƙafar 'yar dutse? Kin ba Filato kunya."

Ba ta tafiya sai da kwalbar yaji. Kome za ta rage don nauyi, ban da shi. In mun haɗu da Turawa a wurin kwana suna cin taliyarsu salam, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana barbaɗa musu. Wani ƙato mai gemu ya ci, hawaye na zuba, hanci na yoyo, ya sake miƙo kwanonsa. A irin wannan hanya kowa sai an laƙaba masa suna. Nata Mama Yaji. Mun sha isa wuri mu tarar sunan ya riga mu.

In lokacin salla ya yi, ko a ina muke, sai ta sauke jaka. Ni ce mai duba mata gabas, in tsaya a bakin hanya in roƙi masu wucewa su ɗan kauce. Ranar Lahadi kuma ita ce mai tuna mini. "Yau ranarku ce. Yi waƙarki, ina jira." Ta zauna a kan jakarta har in gama.

Akwai wata rana a Vermont da ba na mantawa. Taɓo har ƙauri, ruwa bai tsaya ba tun da muka tashi, ga hawa a gabanmu da ba a ganin ƙarshensa. Na kwance jakata na jefar. Na zauna cikin taɓon na ce, "Ni na gama, Yaya. Ki tafi. Duk dabbar da ke so ta zo ta cinye ni."

Ba ta lallashe ni ba. Ta buɗe jakata, ta ciro tanti da buhun abinci ta cusa a tata, ta ɗaure sauran a sama, ta juya ta kama hanya. Ina zaune ina kallon wannan 'yar gajeriyar mata, jaka ta fi kanta tsawo, tana tangaɗi tana hawa. Ba ƙarfi ne ya tashe ni ba, kunya ce.

Da yamma da ta cire riga na ga kafaɗunta. Fatar ta saɓule, jini ya manne da rigar ciki. Na fara kuka. Ta ce, "Kar ki kalle ni haka. Gobe ke za ki ɗauki nawa."

Kuma sai da ta ɗora mini. Ba ta rage ko cokali ba.

Kar ku ɗauka ba ta da tsoro. Yaya Zulai ba ta iya ruwa ba. Wata rana muka iso wani rafi da ya cika, babu gada, sai an ratsa. Na waiga na gan ta tsaye a bakin ruwan. Ta ce, "Rifkatu, ba zan iya ba." Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba sai ranar.

Na tsallakar da jakunkunan, na dawo na kama ta. Ruwan ya kai mana cinya, sanyinsa har cikin ƙashi. Ta rufe ido tana ta addu'a, farcenta ya nutse a dantsena, ina ce mata taka nan, yanzu nan, saura kaɗan. Da muka fita ta zube a kan yashi. Na ɗauka dariya take, ashe kuka ne.

Ta ce, "Tun da Baban Amira ya tafi, babu wanda ya kama hannuna ya ce taka nan. Kullum ni ce mai cewa."

Muka daɗe a bakin rafin. Ranar ba mu yi nisa ba.

Na san an yi maganarmu. Mata biyu su kaɗai a daji, ɗaya ma da girmanta. A wani taron suna wata ta ce mata, "Hajiya, ba kya tsoron namun daji?" Ta ce, "A daji babu wanda ya taɓa cin namana. A nan cikin gari ake ci." Ta ci gaba da cin wainarta.

Bana gwiwata ta hagu ta ƙi. An yi ta allura, daga ƙarshe aka ce sai tiyata. Aka yi mini a farkon bazara. Tafiyar New Hampshire kuwa mun daɗe muna shirinta, ita ce babba a cikin duk waɗanda muka yi niyya. Na roƙe ta ta jira baɗi.

Ta ce, "An riga an ba ni hutun, ƙanwata. Bari in je in gano inda ya fi wuya, baɗi in bi da ke ta mai sauƙi."

Ana saura 'yan kwanaki su tashi ta zo duba ni, da tukunyar farfesu a hannu da jakarta a baya, wai in taya ta rage kaya. Liftan gidanmu ya lalace, ni kuma a sama nake. Da na buɗe mata sai ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, tana haki, zufa ta jiƙa mata hijabi. Matar da ke hawa dutse yini guda.

Na kama hannunta na ji bugun. Bai yi mini ba.

Na ce, "Yaya, ki je a duba zuciyar nan kafin ki tafi."

Ta ce, "Tukunyar ce da nauyi."

Na ce ba tukunya ba ce. Na yi faɗa, na yi roƙo, na ce zan kira Amira in haɗa ta da ita. Ta yi dariya ta ce ta ji, za ta kira likitanta gobe-goben nan. Kuma ta kira. Amira ta gaya mini ɗazu, an ba ta ranar zuwa. Mako mai zuwa ne.

Ta baje kayanta a tsakar ɗakina, ina kwance ina nuna mata da sanda, cire wannan, cire wancan. Ta zuba mini farfesun, ta gyara mini filo a ƙarƙashin ƙafa, ta yi salla a gefen gadona. Muka yi hirar auren Amira da ake shirin sa wa rana, tana ta lissafa wanda za ta gayyata da wanda ba za ta gayyata ba.

Da za ta tafi na yunƙura. Ta ce, "Kar ki tashi, zan ja ƙofar. Kuma ki ci naman, ba romon kaɗai ba, na san halinki."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. Na ji takunta yana sauka a matakala har ya ɓace.

Tukunyarta tana nan a kicin ɗina. Na wanke na kife, ina jira ta dawo ta ɗauka.

Ban san yadda zan yi da kaina ba. Shekara da shekaru ina wannan aiki, hannuwan nan sun danna ƙirjin mutanen da ko sunansu ban sani ba, wasu sun tashi sun koma gida wurin iyalansu. Ranar da nata ƙirjin ya nemi hannu, ina nan kwance da ƙafa a kan filo ina kallon talabijin. Na san matan nan sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Na san ko ina wurin wataƙila ba abin da zai canja. Na sani, ni ma na sha gaya wa iyalan wasu haka. Yau na gane ba ya shiga.

Don Allah kar wanda ya rubuto mini cewa ta tafi tana yin abin da take so. Tana son dutse, gaskiya ne. Amma ta fi son ta ga Amira a ɗakinta, ta fi son ta ga Sadik ya gama karatu. Ba ta je can don ta tsaya ba. Hutun minti ɗaya ta nema.

Jakata tana cikin kabad. Ba na jin zan sake buɗe ta. Wa zan bi? A garin nan mai mutane kamar ƙasa, mutum ɗaya ce ta san lokacin da na yi shiru da yawa, ta hau jirgi ta zo ta buga mini ƙofa.

Ana kan hanyar kawo ta. In an sa lokacin jana'iza, iyalanta za su sanar, ni ma zan sa a nan. Har yanzu ba a gyara liftan ba, kuma likita ya hana ni taka matakala. Mazan cocinmu sun ce za su zo su sauko da ni a kujera. In ba su zo da wuri ba, da gindi zan sauka, ɗaya bayan ɗaya. Ba za a kai Yaya Zulai ina sama ina leƙe ta taga ba.

Ya Allah, ga baiwarka Zulaihatu ta zo gare ka a gajiye. Ka sauke mata kaya. Ka jiƙanta, ka gafarta mata, ka yalwata mata makwanci, ka sa ta huta hutun da babu tashi da ciwon jiki a bayansa. Ka riƙe Amira da Sadik, yau ba uwa ba uba, a ƙasar da ba dangi. Ka ba tsohuwarta da ke Kano ƙarfin jin wannan labari.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙonku. Musulmi, in kun idar da salla yau ku ambaci sunanta, ku kuka san addu'ar da ta fi so a yi mata. 'Yan'uwana Kirista, ku durƙusa ku tuna da 'ya'yanta. Wanda ya san ta da wanda bai san ta ba, kowa ya yi yadda ya iya.

In kun gama, ku ɗan sa da ni. Tun safe nake ƙoƙarin yi da bakina, da na buɗe sai sunanta kawai ya fito.